Baba da Maɗaurin Hular Kwano

Duk wanda aka gaya wa rasuwar Baba, tambaya ce take fara fito masa kafin ya tuna da salati: "Wace irin gobara kuma? Ba ya yi ritaya ba?" Gwaggo, yayarsa, da aka buga mata waya cewa ta yi wa mai kiran ya duba lamba da kyau, ba ita yake nema ba, ta kashe abinta. Sai da aka sake kira ta zame daga kan kujera ta zauna a ƙasa. Limamin unguwarmu ya yi ta maimaita wa mutane cewa bayan an sallame Juma'a Baba ya riƙo hannunsa ya nuna masa wata wayar fanka da ta ɓare a masallaci, ya ce a gyara kafin mako ya zagayo. Mai ƙosan bakin layinmu a nan Kwaciri ta sauke kaskonta da mai a ciki, ta shigo gida tana tafa hannu. "Jiya fa," take cewa, "jiya-jiyan nan fa..." Har ta fita ba ta ƙarasa maganar ba.

Ni ce 'yarsa ta biyu, mai shagon atamfa a Kasuwar Sabon Gari, kuma na ga hayaƙin da idona. Baƙi ƙirin, ya miƙe sama daga wajen Fagge. Na ce wa maƙwabciyar shagona, "Yau Baba ya samu kallo," muka yi dariya, na ci gaba da ninke kaya.

Ga yadda abin ya faru, don na gaji da jin ana ƙara masa gishiri. Wuta ce ta kama wani ɗakin ajiyar katifu a ƙasan wani bene, a wani lungu tsakanin Fagge da Sabon Gari. Motar kwana-kwanar da ta zo ta su Yaya ce, babban wanmu, wanda ya gaji Baba a aikin. Baba yana hanyar zuwa duba wani amininsa ya ji jiniya, ya bi ta, don tun da ya bar aiki bai taɓa jin jiniya ya wuce ba. Ya tsaya cikin 'yan kallo. Da ya hango Yaya ya ɗauki mesa zai nufi ƙofar, sai ya ratsa mutane ya sha gabansa, ya kai hannu ƙarƙashin haɓarsa inda maɗaurin hular kwano yake, ya yi abin da zai yi, ya bubbuga hular da tafin hannu. Bai kai ga juyawa ba barandar benen ta rufto a kansu su biyu. Hular Yaya ta tsage daga goshi har ƙeya, amma ba ta bar kansa ba. Ya tashi da ƙujewa a kafaɗa da kunne ɗaya yana masa ƙara. Baba kuwa hular zare ce a kansa, irin ta zuwa masallaci. Kafin la'asar an shigo mana da shi, kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Washegari gida ya cika, kuma a nan na fara jin kalmar da ta hana ni sukuni. Jarumi. "Ai jarumi ne, ya faɗa wuta ba riga ba hula." Samarin unguwa suna ta tura wa juna hoton bidiyo a waya, wanda ba abin da ke cikinsa sai ƙura da ihu, an rubuta a ƙasa wai tsoho ya shiga ceton mutum bakwai. Ba kowa a ɗakin katifun nan, ko kyanwa. Wata mata da ban taɓa gani ba ta dafa ni ta ce, "Ku yi alfahari, babanku bai san tsoro ba." Na buɗe baki, Gwaggo ta mintsine ni, na rufe. Amma da Baba zai ji wannan yabon, wallahi da ya kori kowa daga tabarma. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa, "Wuta ba ta san jarumi ba, abin da ka sa a jikinka ta sani." Shi ne yau ake nuna wa yara a matsayin wanda ya shiga da farar shadda.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan halin da Yaya ya shiga. Bai yi kuka ba. Ya zauna a soro yana miƙa hannu ana masa gaisuwa, yana amsawa da kai, abincin da aka kai masa haka ake dawo da shi. Ranar uku ogansu ya zo da abokan aikinsa, suka kawo masa sabuwar hular kwano, tun da tasa ta tashi aiki. Suna fita ya nemi buhu ya zuba ta a ciki, da rigar, da wandon, da safar hannun, da takalman, ya ɗaure bakin buhun ya jingina a bayan ƙofa. Na kai masa kunu na tambaye shi na mene ne.

"Bayan bakwai zan mayar musu," ya ce. "Na gama."

"Saboda me?"

"Ni na kashe shi. Da na ɗaure hulata da bai taso ba."

"Ka tabbata ba ka ɗaure ba?"

Ya dube ni da idanu jajur. "In na ɗaure, me zai kawo shi?"

Ya ce ba ya tuna komai daga lokacin da ya sauko daga mota zuwa lokacin da aka janye shi. Ba aikin nake ji masa ba, aiki ai ana bari. Tsorona kada mu wayi gari mun rasa mutum biyu, ɗaya a maƙabarta, ɗaya a soro yana zaune da ransa.

Wanda bai san Baba ba zai ɗauka ina ƙari in na ce da ashana yake yawo a aljihu, alhali bai taɓa shan taba ba. Ta gwajin tufafi ce. Kana shigowa da sabon ɗinki zai ce, "Zo nan, a sa albarka." Sai ya laluba gefen rigar ya zaro zare ɗaya, ya ƙyasta ashana. In zaren ya zama toka ya bi iska, sai ya ce, "Auduga. Allah Ya sa a kashe lafiya." In kuwa ya nannaɗe ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo, sai ya ɗora maka a tafin hannu tun da ɗuminsa. "Roba ce. Haka za ta yi a fatarki. Kada in gan ki da ita a kicin." Mun sha kuka da sallah a kan wannan. Ƙawayenmu na ƙyalli cikin leshi, mu muna fama da atamfa mai kauri kamar 'ya'yan marina.

Dalilinsa yana wuyansa. Daga ƙasan kunnen hagu zuwa kafaɗa fatar a tattare take tana sheƙi. A farkon aikinsa kaya ba sa isar kowa, riga ɗaya sai mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa, ranar kuwa ba shi ke da ita ba. Ya shiga wuta da wata riga 'yar kanti mai santsi da yake ji da ita a lokacin, ta narke ta manne. Bai cika ba da labarin ba. In jika ya taɓa tabon ya tambaya, sai ya ce, "Kwalliya ce ta cije ni."

Babbar rigimata da shi a kan wannan ashana aka yi ta. Makon da na buɗe shago ya zo sa albarka, ya tarar da wata Hajiya ta zaɓi leshi mai tsada na kayan lefen ɗanta, ina cikin naɗe mata. Ina waiwayowa na ji ƙauri. Baba ya zaro zare, ya ƙona, yana miƙa wa baiwar Allah ƙwallon a hannu.

"Hajiya, in amaryar za ta riƙa girki, a haɗa mata da atamfa."

Matar ta ajiye leshin ta fice ba ko sallama. Ni kuma na manta a kasuwa nake, na ce, "Baba, don Allah in kashe mini kasuwa ka zo yi ka gaya mini in rufe!" Ya duba saman shagon, ya duba inda na jona fanka da abin cajin waya da dutsen guga duk a rami ɗaya, ya zare biyu, ya tafi. Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure, gaisuwa ma a tsaye nake yi. Rannan na zo buɗe shago na tarar da ƙaramar jar tukunyar kashe wuta a rataye a bango, an kafa mata ƙusa daidai tsayina, tun da ni gajeriya ce. Maƙwabciyata ta ce tun da sassafe ya zo ya karɓi mukullin da nake bar mata, har ya sa ta tsaya a wajen ya gwada tsayin da kafaɗarta. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da shi. Hajiyar kuwa ta dawo bayan wata biyu ta sayi atamfa turmi uku, ba ta dube ni a ido ba, ni ma ban dube ta ba.

Mai ƙosan nan da ta kasa ƙarasa magana, ita ma ta sha nata. Da wani dogon hijabi mai santsi take suya, yana reto a bakin murhu. Baba ya yi mata magana ta ce, "Alhaji, shekara nawa ina yi?" Ya ce, "Wutar ma shekarun take jira." Da ya ga ba ta ji, sai ya daina sayen ƙosanta, ya riƙa wucewa ta gabanta da ledar ƙosan wata unguwa yana kaɗa ta. Abin ya ci mata rai har ta kawo ƙara wajen Inna, mahaifiyarmu. Da yamma Baba ya aika mata da mayafin auduga mai kauri da tsohuwar safar hannunsa ta fata, ta sauke kasko. Safar ta yi mata yawa, kowane yatsa da saura, yara na ta tsokanarta. Da ita ta sauke kaskon ranar da ta ji rasuwarsa, don na gan ta a hannunta sa'ad da take tafawa.

A gida kuwa, kayan aikinsa suna da ƙa'idar da ta fi ta surukai. Takalman nan masu ƙarfe a baki a bakin ƙofa suke kwana, wandon a zuge a kansu har ƙasa, yadda in ya zura ƙafa sai dai ya ja sama. Ba mai tsallaka su. Rigar ba a shanya ta a rana, wai rana na cinye ƙarfinta, sai a inuwar rumfa. Ba a wanke ta da kayan gida. Ranar hutu zai shimfiɗa ta a tabarma ya bi kowane ɗinki da yatsa, ya ɗaga ta saitin haske yana neman huda. Hula kuwa in ta sha duka sau ɗaya, ko ba a ga tsaga ba, cewa yake ta gama aikinta, a sallame ta da godiya. Abokan aikinsa da ke alfahari da baƙar riga, wai alamar an ga wuta ce, ya sha yin cacar baki da su. "Dattin nan da kuke ado da shi, ƙirjinku yake shiga."

Inna ba ta taɓa son kayan ba. Ta ce warin hayaƙin yana sa mata ciwon kai, ta kafa doka ba za su ƙetare ƙofar ɗakinta ba, kuma duk zamansu ban ga ta sa musu hannu ba, ko da ruwa zai dake su. Sai da na girma na yi aure na gane ba warin ba ne. Duk ranar da kayan ba sa bakin ƙofa, Inna ba ta iya cin abinci sai ta ji tarinsa a soro.

Wani halin nasa kuma, wanda muka mayar abin dariya, shi ne bai yarda da ƙullin kowa ba. Ka ɗaure akuya, sai ya bi baya ya kwance ya sake. Mai babur ya ɗaure kaya, sai Baba ya ce, "Tsaya, samari." Ranar da na fara zuwa gida da goyon ɗana na fari, kafin in gama gaishe shi ya ce in juya, ya warware majanyin ya ɗaure har sai da na ce wash. Na ce, "Baba, ai na ɗaure." Ya ce, "Na gani." Kuma bai fasa ba.

Da mu mata da ƙannenmu maza Baba mai wasa ne, har goya jikoki yake a wuya. Da Yaya ne kawai ba haka ba. Gidanmu na masu tsohuwar kunya ne, kuma Yaya ɗan fari ne. Ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ko na Inna ba. "Wannan" suke cewa, ko "mutumin". In Yaya ya shigo gaisuwa, Baba zai amsa yana duban rediyo. Ranar da ya zo ya ce an ɗauke shi aikin kwana-kwana, muna ta murna, Inna ta tashi ta shige ɗaki, Baba kuma ya ce wa bango, "To. A gaya masa ya riƙa sa singiletin auduga a ciki." Yaya yana tsaye a gabansa. Ya sha gaya mini, rabi wasa rabi gaske, cewa shi bai san ko Baba na sonsa ba, ya dai san yana duba shi.

Ranar bakwai aka yi addu'a da safe, aka raba gumba, mutane suka fara raguwa. Wajen hantsi sai ga Baban Sabon Gari a keke-napep, jikarsa na riƙe da shi. Haka muke kiransa tun muna yara. Shi ne aminin da Baba ya tafi dubawa bai isa ba. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, tare suka shiga aiki, tare suka yi ritaya, su ne masu karɓa-karɓar riga ɗaya a da. Shi yake riƙe wa Baba aiki ranar sallah, Baba ya riƙe masa ranar Kirsimeti, kuma ba shekarar da cincin ɗin matarsa bai shigo gidanmu ba. Ciwon ƙafa ya kwantar da shi, shi ya sa bai samu jana'iza ba, iyalinsa ma sun ɓoye masa har kwana biyu.

Ya zauna a soro kusa da Yaya, hawaye na bin gemunsa. "Ni yake zuwa dubawa," ya ce. "Ni da nake kwance ina jiran tawa. Kai, wannan mutum ya yi mini wayo." Ina tsaye a ƙofar da ta shiga tsakar gida da kwanon ruwa a hannu. Sai idonsa ya faɗa kan buhun, bakin takalmi ya turo ta wata huda.

"Wannan fa?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya gaya masa abin da ya gaya mini.

Tsohon ya gyara zaman ƙafarsa. "Ɗana, ni da babanka mun yi alkawari tun ranar da wuyansa ya ƙone. Ba mai shiga wuta sai ɗan'uwansa ya duba shi. Ni in na duba na ga nasa ya ɗauru, sai in bubbuga hular in wuce. Shi kuwa, ko ka ja maɗaurin har kana haɗiyar yawu da ƙyar, sai ya ɓalle ya sake. Mun yi faɗa a kan wannan ya fi a ƙirga. Bari in tambaye ka. Da ya kai hannu haɓarka, me ka fara ji? Matsewa ko sakewa?"

"Ban tuna ba, Baba."

"Ba kanka nake tambaya ba. Haɓarka nake tambaya."

Yaya ya kai hannu ya taɓa ƙarƙashin haɓarsa, inda maɗaurin ya bar masa jan layi har ranar. Ya daɗe a haka.

"Sakewa," ya ce a hankali. "Na ji ta yi sako-sako... na ji iska a wajen. Sannan ya ja."

"To abin da ba a ɗaure ba, ana kwance shi?"

Na ɗauka sauƙi zai ji. Ina! Yaya ya miƙe tsaye kamar an watsa masa ruwan zafi, muryarsa ta fashe, karo na farko tun ranar Juma'a. "Ashe a ɗaure take? To me ya zo yi? A banza kenan ya tafi? A banza, Baba?"

Ni ma tambayar ta shige ni. A lokacin ne muka ji muryar Inna daga bayan labulen tsakar gida. Tana takaba, ba ta fitowa soro, ashe tun shigowar baƙon tana tsaye a wajen.

"Ku ce wa wannan ya daina cewa a banza. Tun yana zanin goyo uban bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Sai ya faki ido ba kowa, ya zo ya ce mini goyon bai ɗauru ba, in juya. Ya kwance majanyi, ya daɗe yana gyarawa, hannunsa a bayan yaron. Na san ba majanyin ne ya dame shi ba. Ban taɓa nuna masa na sani ba."

Baban Sabon Gari ya gyaɗa kai yana share fuska. "Bayan ritaya in ya je ofis wai gaisuwa, sai ya bi yaran nan ɗaya bayan ɗaya yana taɓa musu hula, don kada a ce ɗansa ya zo gani. Kai ne na ƙarshe kullum. Ba ka lura a kanka yake daɗewa ba?"

Yaya ya durƙushe a wajen ya yi kukan da ya riƙe kwana bakwai. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Muka bar shi ya yi.

Da ya lafa, Inna ta ce, "A shigo da buhun."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Kayan da ba su taɓa ƙetare ƙofarta ba, yau ita ke kiransu. Yaya ya ɗauko ya ajiye a tsakar gida. Ta tsuguna ta kwance bakin buhun da kanta, ta zaro rigar mai nauyi tana warin hayaƙin ranar, ta riƙe ta a ƙirji na ɗan lokaci, sannan ta rataya a inuwar rumfa, a ƙusar Baba. Ta jera takalman a bakin ƙofa. Ta ɗauko sabuwar hular ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

"Sa."

Ya sa.

"Ɗaura."

Ya ɗaure, ya ja har maɗaurin ya zauna a kan jan layin nan. Inna ta matso. Gajeriya ce kamar ni, sai da ya sunkuyo. Ta kai hannu ƙarƙashin haɓarsa tana lalube, ba ta san yadda ake ɓalle abin ba, ta danna nan ta ja can, har sai da ya kama yatsanta ya ɗora mata a wajen. Ta ɓalle. Ta mayar. Ta ja. Hannunta bai sauka ba, yana nan a kumatunsa, mu duk mun kau da kai. Sai ta bubbuga hular da tafin hannu, ta kira sunansa, cikakke, sunan da aka raɗa masa. Shekaruna arba'in da 'yan kai a duniya, ranar na fara jin sa a bakinta.

Yaya ya koma aiki da kafaɗarsa ta warke. Tsagaggiyar hular tana rataye a ɗakin Inna, a cikin ɗakin, saitin gadonta. Ashanar da aka ciro daga aljihun Baba tana wajena a shago, kuma jiya da wata amarya ta ɗauki leshi mai santsi, na tsinci kaina ina tambayarta ko ita za ta riƙa girki.

Masu cewa jarumi ne ya faɗa wuta ba kaya, don Allah ku daina koya wa yaranmu abin da ya ƙi jini. Baba bai shiga wuta ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ɗansa ya je taɓawa. Allah Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi. Ya yi rayuwarsa yana tsare bayinKa daga wutar duniya, Ka tsare mana shi daga waccan.